Karkatacciyar Kwalbar Yaya Tasalla

A daren jiya, bayan na sallame wutiri na kwanta a ɓangaren dama, sai aka nuna mini wani mafarki. Zan faɗe shi yadda na gan shi, ba ƙari ba ragi, ko da yake na san ba a gina hukunci a kan mafarki. Amma sai na fara da abin da na kwanta da shi a zuciya, domin shi ne ya bi ni har can.

Yayata Tasalla, Allah ya haskaka kabarinta, ta rasu ta bar 'ya'ya mata biyu, Hansatu da Furera, da ni ƙaninta shaƙiƙi. Babu miji, babu ɗa namiji, iyayenmu kuwa sun daɗe da rasuwa. Rabon a fili yake: kashi biyu cikin uku na 'ya'yan ne, ragowar nawa. Tufafi da kwanuka duk sun rabu lafiya. Abin da ya rage shi ne kwalabe uku masu faɗin baki, irin waɗanda ake adana abinci a ciki, waɗanda marigayi mijinta ya samo tun yana aikin kuku a gidan wani Bature. Biyu farare ne tas, sumul, masu murfin murɗawa. Ta ukun kore-kore ce, ta ɗan karkace, jikinta duk ƙananan kumfa, murfinta na gilashi ne da ake danne shi da wata waya mai tsatsa. Na ƙudura cewa yau bayan la'asar zan ba kowace yarinya fara guda, ni in ɗauki karkatacciyar, tunda ita ce mafi muni, kada a ce mai rabo ya zaɓa wa kansa. Ina tsoron haƙƙi, ina kuma tsoron yaran. Tun ranar sadakar bakwai ba su ƙara yi wa juna magana ba, kowace tana ganin ita ta fi jinyar uwar, kuma ƙaramin kuskure a rabon nan zai iya raba su har abada.

Sai na gan ni a kan wata hanya da rana tsaka, kwalaben uku suna cikin aljihun babbar rigata, ba su kuma yi mini nauyi ba. Ban ɗaga ƙafa ba. Hanyar ce take tafiya, ni ina tsaye, bishiyoyi suna zuwa suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Can gefe wata rijiya tana zubar da ruwa sama, gajimare sun jeru suna tarawa kamar mata a bakin famfo. Na yi tasbihi ga Wanda yake jujjuya al'amura yadda ya so, na gyara rawanina.

Hanyar ta ajiye ni a ƙofar wani gini da aka rubuta wa Ofishin Tantance Kwalabe. Dokar wurin ita ce wanda ya zo ƙarshe shi ake fara gani, saboda haka jama'a duk sun laɓe a bayan katanga, kowa yana jiran wani ya riga shi. Da yake ni ne na ƙarshen zuwa, sai aka tura ni ciki.

A bayan tebur wani tsohon bunsuru ne zaune, mai furfurar gemu, da hula, da tabarau da aka yi da gindin kwalba.

"Wa alaikumus salam," in ji shi, tun ban buɗe baki ba.

Sai na yi sallamar daga baya, don kada amsarsa ta zauna ita kaɗai.

"Malam Sabi'u, mun daɗe da sallamarka, sai yanzu ka iso. Fito da su."

Na fara miƙa masa fara guda, domin mutum yakan gabatar da abin da ba ya jin kunyarsa. Ya kife ta a kan tebur.

"A nan ba ma fara tambayar kwalba ta baki," ya ce. "Baki zai iya faɗin komai. Gindi muke dubawa. Ka ga nata, lamba ce a buge, sumul kamar an goge. Ka kuma ga wannan siririn layin da ya taso daga ƙasa, ya bi gefe, ya hau har kan leɓe bai tsaya ba? Ɗinkin inji ne. Irinta dubu ake haifa kafin azahar."

Ya karɓi ta biyu, ya shinshina, ya ajiye kusa da ta farko.

"Tagwaye ne. Ko injin da ya haife su ba zai bambance su ba."

"Ranka ya daɗe, ai su ne masu kyau."

"Su ne. Kyau ka zo tambaya ko ƙima? Ofishin kyau yana gaba, ɗawisu ke riƙe da shi, kuma ba ya sauraron kowa."

Na ciro karkatacciyar ina ɗan ɓoye ta da hannun riga. Na ce, "Wannan kada ta ɓata maka lokaci. Ita zan ɗauka a rabona, don babu mai so."

Bunsurun ya miƙe tsaye ya cire hula. Tumakin da ke rubutu a teburan baya su ma suka miƙe. Ya ce a kawo buzu a shimfiɗa mata, sai ya dubi tumakin, ya ce a bari, a kawo tabarma.

Ya ɗaga ta saitin taga, hasken rana ya ratsa ta, ɗakin gaba ɗaya ya koma launin ruwan tafki.

"Wannan koren ba datti ba ne, Malam. Launin yashin da aka narka ne, tun ba a damu da faranta gilashi ba. Kawo yatsanka. Bi layin nan. Ina ya tsaya?"

"A kafaɗa."

"A kafaɗa. Daga nan zuwa baki hannun mutum ne ya ƙarasa, shi ya sa ta karkace. Yanzu zagaya leɓen da yatsa, a hankali, ido a rufe, domin yatsa ya fi ido ganin ɓantarewa."

Na zagaya sau uku. Ban ji inda ya ɓantare ba.

"Murfin kuma nata ne na haihuwa, ba na aro ba. Sau da yawa sukan zo mana da murfin wata, kamar maraya da hular maƙwabci. Saura kumfa. Sa kunne."

Na kara kunnena a jikin gilashin. Daga cikin kumfa ɗaya na ji numfashin mutum, a gajiye, yana ja yana saki, can kuma ya yi ɗan tari.

"Wanda ya hura ta ne," in ji bunsurun. "Ya rasu tun ba a haifi kakanka ba, numfashin ne bai gama fita ba."

Na yi ta tunanin yadda Mahalicci yake ajiye numfashin bawa a inda bawan bai sani ba.

Aka kawo sikeli. A wannan ƙasa abin da ya fi nauyi shi ne yake yin sama. Aka ɗora fararen biyu a gefe guda, karkatacciyar a ɗaya gefen, sai ta tashi a hankali har murfinta ya taɓa rufin ɗaki. Aka ƙara wa fararen keken ɗinki, ba ta sauko ba. Aka ƙara buhun gero da agogon bango, ta ɗan sunkuyo ta dube su, ta koma inda take.

Nan na gane kuskurena. Na yi niyyar ɗaukar mafi ƙasƙanci, ashe da na kwashe fiye da sulusina daga haƙƙin 'ya'yan 'yar'uwata, in kuma koma gida ina ganin na yi tawali'u, mutane suna yaba mini. Na yi istigfari a bayyane.

"Kullum muna ganin irinku," in ji bunsurun, yana mayar da hularsa. "Masu haɗama ba sa wahalar da mu, su sukan duba abin da za su ɗauka. Ku masu kunya ne kuke ɗauka ido a rufe."

"To yaya zan raba? In na ba Hansatu, Furera za ta ce na tabbatar da maganar jinya. In na ba Furera, haka. In na riƙe, na ci haƙƙi."

"Muna da sashen fasawa uku. Kunkuru ne shugabansa, ya tafi cin abincin rana tun bara. Mu tantancewa muke yi, Malam. Rabo ba namu ba ne."

Ban fita daga ofishin ba, ofishin ne ya fita ya bar ni.

Sai ga ni a tsakar gidan da muka tashi, sai dai durumin da ke tsakiya saiwoyinsa ne a sama, ganyensa a cikin ƙasa, inuwarsa kuwa tana nan yadda na san ta. A ƙarƙashinsa Yaya Tasalla tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana suyar man shanu, hayaƙin yana gangarawa ƙasa. Fuskarta ta ƙuruciya ce, hannuwanta na tsufa.

"Sabi'u, har yanzu da baki buɗe kake yawo? Rufe, ƙuda zai shiga."

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Yaya, yaya makwanci?"

"Wannan ba tambayarka ba ce, kai ma ka sani. Zauna. Me ka yi wa kwalbata kake rungume da ita kamar jinjiri?"

"An ce ita ce mai ƙima."

"Sai da akuya ta gaya maka. Shekara arba'in kana lasar man shanu daga cikinta, ba ka taɓa ɗaga ta ka duba ba."

"Wa kike so in ba wa?"

"Ni na gama da mallaka. Kai ne ka karanta littattafan gado har idonka ya lalace."

"Littattafai sun ce a ƙimanta, in ba ta rabuwa a sayar a raba. In na sayar da ita, Yaya, yaran ba za su yafe mini ba, ba kuma za su yafe wa juna ba."

Ta juya man da ludayi, ta jefa albasa, ƙamshin ya tashi ya zauna kusa da ni kamar baƙo.

"Ka taɓa ganin ta yi wata guda a ɗakina?"

Na yi tunani. Gaskiya ban taɓa gani ba.

"Fararen nan su ne 'yan zaman ɗaki. Wannan 'yar yawo ce. Takan fita da man shanu ta dawo da zuma, ta fita da yajin maijego ta dawo da garin kuka. Duk matan unguwa sun san ba a mayar da mazubin mutane wayam, ko gishiri ne sai an zuba. Hansatu ta gaji hannuna a suyar mai. Furera kuwa ba wanda ya kai ta dakan yaji, ni ma ta fi ni, kada ka gaya mata. Kowace tana kwaɗayin na 'yar'uwarta, girman kai ne ya hana ta aika."

A nan ƙirjina ya buɗe, maganar ta zo mini a jere kamar karatun da na daɗe da haddacewa. Na ce, "Fararen tagwaye ne, kowace ta ɗauki guda babu gardama, ni na yafe rabona a cikinsu. Wannan kuma ta zauna tamu mu uku, in sun yarda, ba a sayar ba, ba a fasa ba. Hansatu ta cika ta a kai wa Furera. Furera ba za ta iya mayarwa wayam ba, ko don kada a ce ba ta da tarbiyya."

"Ashe karatun bai tafi a banza ba."

"Sai dai su da ba sa magana, wa zai riƙa kaiwa?"

Ta dube ni daga rawani har takalmi.

"Kai ba ka da ƙafa ne? Sulusinka ke nan."

"Yaya, gwiwata."

"Gwiwar da take kai ka masallaci sau biyar? Ta kai ka gidan Furera sau ɗaya a mako."

"In ta ƙi karɓa fa?"

"Ka ajiye a gabanta, ka zauna kana jan carbi har ta gaji ta zuba wani abu. Kawunta ne kai, ba za ta kore ka ba. Kuma na san ka da zama, tun kana yaro sai an share ka da tsintsiya kake tashi."

Ta karɓi kwalbar ta cika ta da man, ta danne murfin da wayar, ta share gefen da bakin zane, ta miƙo mini. Na ji ɗuminta a tafin hannuna. Na so in ƙara tambayarta wani abu, sai ta yi mini alama da ludayi in tafi kafin ya daskare.

Sai ga ni a gaban wata ƙofa ta langa-langa, rabinta shuɗiya irin ta gidan Hansatu, rabinta ja irin ta gidan Furera. Na yi bisimilla na ƙwanƙwasa. Na sake ƙwanƙwasawa na ce, "Kawunku ne, hannuna da kaya." Daga ciki na ji takun mutum biyu, sun zo sun tsaya, kowace tana jiran ɗayar. Can sai na ji an kama sakata ana ja, tana ƙara a hankali, ƙiii, tana ƙara matsowa kusa da kunnena.

Na buɗe ido. Ladidi ce, mai ɗakina, take jan bokitin ƙarfe a kan siminti za ta ɗumama ruwan asuba. Na yi hamdala ga Wanda ya mayar mini da raina, na ɗaga murya na ce, "Ladidi, akwai man shanu a gidan nan?"

Ta ce, "Malam, ka yi alwala tukuna."