Naman Jikina Yana Cikin Firijo

Tahira, ɗiyar ƙanena Idirisa, ke kika raba ni biyu, kika bar rabi Jiratawa, rabi kika yi ta yawon duniya da shi. Ni ce Tasalla gwaggonki, wadda ta goya ki. Malama Rifkatu ta Tsibiri ke rubuta mini wagga takarda, na kuwa ce kada ta tausasa ko kalma ɗaya.

Shekara goma sha biyu ke nan da aka cire mini nonon hagu a wani asibiti a Maraɗi, saboda sankara. Kafin aiki kika zo da farar riga da takarda, kika yi ta bayani. Ni kuwa don kada matan ɗakin su ce gwaggon likita baƙauya ce, sai kaɗa kai nake, "Na gane, na gane." Wallahi ban gane komi ba. Na dangwala yatsa har ina gyara kallabi.

Bayan aiki na ce a ba ni abina, don duk abin da aka yanke daga jikin mutum rufe shi ake. Aka ba ni ƙunshi cikin farin ƙyalle, aka gina rami bayan rumbuna, aka rufe. Tun ranar ba mai ɗaure akuya wurin. Na zagi maƙwabciyata Atika har wata uku ba mu gaisa ba, don ta zuba ruwan wanki kusa.

Sai watan jiya da aka ba ki lambar yabo, Idirisa ya tara dangi gidansa na unguwar Zariya cikin Maraɗi. Na hau kabu-kabu, na sha sabuwar atamfa, ni ce gaba wajen guɗa. Can kika jawo ni gefe kina murmushi.

"Gwaggo, zo ki ga kanki."

Kika nuna mini wasu ɗigo-ɗigo cikin waya, suna motsi kamar ƙwan kwaɗi.

"Mine ne wannan?"

"Ƙwayoyin ciwonki ne. Ɗan gutsure na ɗiba ranar aiki, kin tuna takardar? Na mutum arba'in muka gwada rayawa, duk suka mutu, naki kaɗai suka ƙi. Har yanzu haihuwa suke. Suna cikin firijo a ɗakunan bincike ashirin da bakwai, gari-gari har ƙasar Turawa, ana gwada magani kansu."

"Suna raye?"

"Ƙwarai. Taurin kai gare su, Gwaggo, irin naki."

Kowa ya yi dariya. Har ni na yi, shashasha, sai da na iso gida abin ya dake ni. Ashe shekara goma sha biyu ina gadin kabarin da bai cika ba. Ni da ban taɓa wuce Dosso ba, ciwona ya shiga jirgin sama. Duk jikina an rasa abin da duniya za ta so sai wurin da ya ruɓe.

Na tahi wurin liman Muhammad Auwal. Na ce, "Malam, likkafanina yana cikin akwati, gwiwata ta riga ta yi sallama. In aka rufe ni nan, sauran nawa suna ƙasar Turawa cikin ƙanƙara, ranar tashi ta ina za a fara tattaro ni?" Ya ce Allah mai iko ne kan komi. Na ce na sani, ai ba Allah nake tuhuma ba. Ya sosa gemu, ya ce zai duba littafi. Har yau dubawa yake.

Na kira ki, kika ce, "Gwaggo, da su muka gano abin da ke hana wani magani aiki ga matanmu. Kina so a kashe su?"

Ban ce a kashe su ba. In suna yi wa mata amfani su yi, ni ma da raina ban yi wa kowa amfani haka ba. Amma naman mutum ba gero ba ne da za a raba iri gari-gari a manta da shi. Ranar da aka gama da su, wa zai naɗe su cikin ƙyalle? Wa zai gina rami? Ko cikin shara za a zuba ni, sau ashirin da bakwai?

Ki zo Jiratawa da ƙafarki, Tahira, ba ta waya ba. Ki zauna gaban ubanki da liman, ki lissafa mana garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya, ki faɗi sunan wanda ya ɗauki alkawarin rufe ni a kowane. In babu, ki buɗe baki ki ce babu, mu ji wa zai amsa.