Agogon Kemis ɗin Abednego

Kwana uku bayan bam ya tashi a tasha a Jimeta, aka ce yau za a kwashe waɗanda aka kama a kai su wani gari. Mijina Nata'ala yana cikinsu. Wani ne ya ce ya ga kekensa a wurin. Ƙarya ce wallahi! Ƙarfe shida da abin ya tashi yana kemis ɗin Abednego a Yolde Kohi, yana sayen maganin tari.

Sojoji sun ɗauke kwamfutar kyamarar kemis ɗin zuwa barikin da ake tsare da su, na bi ta can. Ga Nata'ala a hoto, amma agogon ya nuna biyar.

"Awa guda ta ishe shi ya kai tasha," in ji ofisan da ke binciken.

Na je na jawo Abednego. Shi ma tsoro yake kada a haɗa da shi.

"Oga, lokacin da aka yanke netwok agogon ya riƙa ɓata," ya ce. "Sai na sa na'urar da ke karɓo lokaci daga tauraron ɗan'adam. Lokacin da take bayarwa yana bayan namu da awa guda, ni kuma ban ƙara ba."

"Kowa ma zai iya murɗa agogo baya."

"To murɗa shi inda kake so, Oga. Da kanta za ta mayar da shi."

Ofisan ya murɗa agogon zuwa ƙarfe uku. Abednego ya jona wata 'yar eriya kamar murfin kwalba, ya ce ba ta aiki a ƙarƙashin rufin kwano, sai ta ga sama. Wayar gajera ce. Na fita waje, ya miƙo mini ita ta taga.

"Adda Munirat, ɗaga sama. Kada ki motsa."

Na tsaya a rana hannu a sama kamar mai laifi. Can bayan katanga na ji an tayar da babbar motar da za ta kwashe su. Hannuna ya mutu, na tallafe shi da ɗayan.

"Ta kama?"

"Tukuna, Adda."

Kai, na tsani Abednego a lokacin nan, shi da taurarinsa duka. Wani soja ya daka mini tsawa in sauke abin nan. Ko kallo bai ishe ni ba.

Sai na ji Abednego ya ce, "Yesu na gode! Oga, duba!"

Na leƙa. Agogon kwamfutar ya koma goma. Ofisan ya dubi na hannunsa: sha ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗauki oba-oba, rediyon nan da sojoji ke magana da shi, ya ce a tsayar da motar a get, a sauke mutum ɗaya.

Ta cikin oba-obar na ji ana kiran sunan Nata'ala. Shiru. Aka sake kira da ƙarfi. Shiru.

"Oga, ba ya iya tashi," in ji muryar. "Amma ya ɗaga hannu."

Sai a lokacin na sauke nawa.