Ƙeyar Farfesa Shirasaka

Duk wanda ya yi karatu a hannun Farfesa Shirasaka a birnin Sendai ya fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa. Da ya ɗauki alli sai ya ba mutane baya, shi da allo sai an tashi. Matarsa Fumie ma takan ce ita dai ƙeya ta aura.

Ranar laccarsa ta bankwana, wadda akan buɗe wa kowa idan malami zai yi ritaya, ya yi mata alkawari yau babu lissafi, da bakin da take ji zai gaya mata abin da ya cinye masa rayuwa. Amma abu ɗaya yake tsoro. Akwai tambayar da in ta ji amsarta, yana ganin za ta ce ya ɓata mata ƙuruciya a banza.

Ya fara lafiya lau. Ya ja zaren da ya aro daga kwandon ɗinkinta, ya kaɗa shi da yatsa. Ya ce in aka yi ta farfasa abu, shinkafa ko tauraro, har aka wuce ƙwayar zarra, masana irinsa suna kyautata zaton za a tarar da ƙananan zaruruwa masu rawa. Irin rawar kowanne ita ke sa ya zama abin da ya zama.

Sai wani tsoho maƙwabcinsu ya ɗaga hannu. "To Malam, an taɓa ganin zaren nan kuwa?"

Mai hali ba ya fasa halinsa. Gogan naka ya juya ya hau cika allo da lissafi. Tausayi ya kama ɗalibansa, don sun san amsar.

"Baban Mayu," in ji Fumie daga layin gaba, tana kiransa da sunan 'yarsu, "juyo mana. Allon ne ya tambaye ka?"

Aka kwashe da dariya, aka yi saurin haɗiye ta. Ya juyo, garin alli har a gira.

"Ba a taɓa gani ba," ya ce. "Ƙila ba za a gani ba ina raye. Ƙila ma babu shi."

Ya rusuna irin na mai neman gafara, ya kasa ɗagowa.

Fumie ba ta jira lokacin ba da furanni ba. Ta karɓe su daga hannun ɗalibai, ta hau dandamali, ta leƙo fuskarsa ta ƙasa.

"Ashe abin da kake ta ɓoyewa ke nan?" ta ce, idonta ya ciko. "Haba, mutumin nan. Ni duk shekarun nan na ɗauka fuskata ce ba ka son gani."