Wa Ke Shanye Wutar?

Mitar wutar lantarki ta fara kuka daidai lokacin da Malam Mu'azu ya kai lomar farko bakinsa. Ƙit, ƙit, ƙit, daga bangon zaure, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Ya mayar da lomar cikin kwano, ya ɗaga murya.

"Lami! Yaushe na sa kati?"

"Ran Asabar, Malam," matarsa ta amsa daga madafi.

Ranar Alhamis ce. Rana ta shida ke nan. Katin wutar da a da yake kai su mako uku cif, yau ga shi bai ga Juma'a ba, kuma wannan ne karo na uku a jere.

Malam Mu'azu ya yi shekara talatin da biyar yana ajiyar sito a wata ma'aikata a Gusau kafin ya yi ritaya, kuma abu guda ya koya a can: buhu ba ya fita da ƙafarsa. In kaya sun ragu, akwai hannu a ciki. Ya tsaya gaban mitar yana kallon gilashinta da rana ta daɗe da ƙonawa, ba a ganin lamba ko ɗaya, sai jar fitila ƙarama da ke ƙiftawa.

Da wutar kallo da fanka ce kawai, da ya haƙura. Amma firizar Lami ce ke riƙe da gidan. Ƙanƙara da kunun ayar da take sayarwa a unguwarsu ta Tudun Wada su ne cefane, tunda fansho sai ya ga dama yake zuwa. Sau biyu kati yana ƙarewa da tsakar rana, kunu ya yi tsami, aka zubar a kwata.

Ya fara da ƙwayayen fitila. Ya kwance na banɗaki da na tsakar gida, ya hana kunna fanka sai bayan azahar. Babu abin da ya canja. Sai ya ari tsani, ya bi wayar gidan taku-taku har inda ta ratsa kusa da katangar Dogo, maƙwabcinsa mai walda. Bai ga an jona komai ba. Duk da haka tun daga ranar gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Da ya gama da waje, zuciyarsa ta juyo cikin gida. Abu ɗaya ne sabo a gidan.

* * *

Hajjo matar marigayi yayansa ce. Ta zo daga Bilbis wata biyu da suka wuce da jaka ɗaya da buta, bayan 'yan bindiga sun ɗauke ɗanta Bashar a gona, zama ya gagara. Ita ta yi wa Mu'azu wanki da girki lokacin yana ɗan makaranta, don haka da kansa ya share mata ɗakin da ke kusa da madafi, ya ce, "Yaya, nan gidanki ne."

Sai dai Hajjo ba ta fitowa. Kullum ƙofarta a rufe, labule a sake. Kuma ya lura da wani abu: tana fama da sanyin ƙashi, ba ta wanka sai da ruwan ɗumi, amma bai taɓa ganin ta hura wuta ba.

"Hita gare ta," ya ce wa Lami wata safiya, murya ƙasa-ƙasa. "Irin wanda ake tsomawa a bokiti. Shi ke shanye kati kamar raƙumi."

"Haba Malam, ka ji tsoron Allah. A rana take ajiye bokitinta, bayan ɗaki. Ni na gani."

"Kin ga na waje. Na cikin ɗaki fa?"

Lami ta ci gaba da ɗaure kununta.

Ya so ya bar maganar, amma zato kamar ƙaiƙayi ne, in ya shiga riga babu zaman lafiya. Ya koma zama a zaure yana kallon jar fitilar. In ya ji motsi a ɗakin Hajjo, sai ya ga kamar ƙiftawar ta ƙara sauri. In ta gaishe shi da ladabi, sai ya ce a ransa ladabin mai laifi ne.

Ranar Talata Hajjo ta bi Lami gaisuwar rasuwa a bayan layi. Ya jira har takunsu ya ɓace, sannan ya tura ƙofar. Ɗakin yana ƙanshin man zafi. Ya ɗaga katifa, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya zazzage jakarta a kan tabarma: zannuwa uku, carbi, ƙullin kanwa, da wata hular namiji da ta sha wanki. Babu hita. A jikin soket wata siririyar caja ce kawai, wayarta ta bi bango ta shige ƙarƙashin matashi. Ya ɗaga matashin, ya ga ƙaramar waya mai madannai, an ɗaure bayanta da roba.

"Mi kaka biɗa, Malam?"

Tana tsaye a bakin ƙofa. Ta dawo ɗaukar wayar da ta manta. Idonta ya sauka kan kayanta da ke warwatse, ya daɗe a kan hular.

"Yaya, kati ne ke ƙarewa ba bisa ƙa'ida ba," ya ce, muryarsa ta fi yadda ya so kauri. "Dole in san inda wuta ke tafiya."

"Ita ɗai nika jonawa," ta ce, ta nuna wayar. "Ba ni bari ta mutu. Ko za su kira, su ce ga Bashar."

Nan ya kamata ya durƙusa ya ba ta haƙuri, kuma ya san haka. Amma kunya ta riga ta rikiɗe ta zama taurin kai. Ya zaro sukundireba daga aljihu, ya kwance soket ɗin, ya naɗe bakin wayoyin da baƙin salatif.

"In kina son caji, ki kawo zaure in sa miki da kaina."

"To, Malam," ta ce. Ta durƙusa tana ninke zannuwanta.

Washegari ta ce za ta je Bungudu ta dubo 'yarta Hussaina. Lami ta raka ta bakin titi, ta dawo ta wuce shi ta shige madafi.

* * *

Ya sa sabon kati ranar da ta tafi. Ya ƙirga kwanaki da yatsa, yana jiran mako uku. A rana ta shida mitar ta yi kuka.

Ya saka takalmi ya nufi shagon Muktar, saurayin da ke sayar da katin wuta a bakin kasuwa. Ya tarar da mutum huɗu a gabansa.

"Muktar, katin da kake sayar mini na jabu ne ko me?"

"Subhanallahi, Baba! Ba ka duba takardar da nake ba ka?" Ya ɗauko wata 'yar takarda, ya nuna masa ƙananan lambobi da farce. "Ai tun wata biyu aka ɗaga layinku zuwa rukunin masu biyan tsada. Kuɗin da ke sayo muku wutar mako uku, yanzu ta mako guda yake sayowa."

"Wa ya ɗaga? Da izinin wa?"

"Kamfani. Sun ce layinku yana samun wuta awa ashirin a rana."

Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "A rana ko a mako?"

"Wai iskar gas da ake kunna manyan injinan da ita ce ta yi tsada, da dala ake sayenta," in ji Muktar. "Haka dai suka ce a rediyo, sau ɗaya."

Wani dattijo mai farin gemu ya girgiza kai. "Ni 'yan haya biyu na kora kafin in gane. Ɗaya har da mai jego."

Malam Mu'azu ya riƙe takardar. Ire-irenta sun fi goma a aljihun rigunansa. Lambobin kati kawai yake karantawa ya yar. Wata biyu. Makon da Hajjo ta sauka, makon aka yi ƙarin.

Bai koma gida ba. Ya sayi turmin atamfa da goro, ya hau motar Bungudu.

Hussaina ta shimfiɗa masa tabarma a zauren gidan mijinta, ta kawo ruwa.

"Inna ai kwana biyu kawai ta yi, Baffa. Ta ce ba za ta zauna gidan suruki ba, ta koma Bilbis. Na yi kuka, na yi roƙo, ta ƙi. Yau kwana uku wayarta ba ta shiga."

"Ta faɗa miki dalilin barinta Gusau?"

"A'a. Ta ce kun riƙe ta da mutunci, kai da Inna Lami, Allah ya saka muku. Wani abu ya faru ne?"

Ya ture ruwan gefe, ya miƙe ya yi mata sallama.

Daga Bungudu ya dawo Gusau, ya canja mota zuwa Tsafe. La'asar ta yi sanyi lokacin da ya isa tasha. Mota ɗaya ce a layin Bilbis, ba kowa a ciki, direban yana zaune a kan bonet yana cin rake.

"Saura mutum nawa?" Malam Mu'azu ya tambaya.

"Alhaji, ai ba maganar mutum ake ba. Tun shekaranjiya ba wanda ya shiga hanyar nan, ba wanda ya fito."

"Zan biya kuɗin kujeru duka."

Direban ya dube shi, ya tofar da ɓawon rake. "Ko motar za ka saya, ba da ni ba. Ka dawo gobe, ƙila a ji labari."

Malam Mu'azu ya zauna a kan benci, ledar atamfar a cinyarsa. Direban ya miƙa hannu saman motar, ya sauko da kwalin da aka rubuta Bilbis a jiki, ya jefa shi kujerar baya, ya kulle ƙofa.