Abin da Kawu Balarabe Ya Gani a Hanyar Kano

Shekara uku kakata Inna Baturiya ba ta gani. Yanar ido ce ta rufe mata duka biyu, sai dai ta bambance rana da inuwa. A cikin shekara ta biyu ne katafilolin aikin dam suka iso ƙauyenmu, kusa da Bakura, suka bi fadama suna baje ta. Gonar Inna tana ciki. Ɗanta na fari, Kawu Balarabe, shi ya dangwala hannu a takardar amincewa, ya kuma tara mu a zaure ya ce duk wanda ya gaya mata, shi da shi. Tsoronsa kada ta yi masa baki, domin akwai tsamiya biyu a tsakiyar gonar, kuma a inuwarsu marigayi kakanmu ya yi shekara arba'in yana sallar azahar.

Duk ranar Talata sai Kawu ya sayo tsamiya a kasuwar Mafara, ya zube a gabanta ya ce daga gona take. Sai ta juyo inda take jin numfashina.

"Haka ne, Taibatu?"

Ni ko baƙo ya yi sallama ɗaki nake gudu, balle in ƙaryata Kawu. Sai in ce, "Haka ne, Inna."

Da mahaifiyata ta ji ana cire yana a wani asibitin ido a Kano, ta kafe sai an kai Inna. Kawu ya ce hanya da nisa, ya ce tsohuwa ba ta jure mota, ya ce ai makanta ma hutu ce. Ba wanda ya goyi bayansa. Aka sa ni in bi su don in riƙe mata hannu.

Muna shiga bas a tashar Mafara Inna ta ce, "Tun da anka haihe ni ban wuce Maradun ba. Ba ni yin tahiya irin wagga kamar buhun gero. Duk abin da munka wuce a gaya mani."

Kawu ya gyara zama. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Kano, tun yana saurayi, amma shekara ashirin ke nan yana ba da labarin a gindin durumin ƙofar masallaci, kuma kowace shekara Kanon ƙara girma take.

Kafin Gusau muka hau wata gada. Kawu ya ce tsawonta ya kai sai direba ya tsaya ya sha ruwa a tsakiya, ƙarƙashinta kuma kada ne jere kamar an shanya tabarmi. Na leƙa. Yashi ne, da wani mutum yana loda wa jakinsa.

"Haka ne, Taibatu?"

"Haka ne, Inna."

A Gusau muka tsallake layin dogo, awaki kwance a kai suna tuƙa. Kawu ya ce jirgi ne ya wuce yanzun nan, mai tarago ɗari.

"To ni ban ji komi ba," in ji Inna.

"Sabon samfuri ne, Inna. Ba ya ƙara."

Wata mai sayar da daddawa da ke bayanmu ta tusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa.

Da muka zo Kwatarkwashi ni kaina na manta da kunya na buɗe baki. Dutse ne guda, baƙi, sumul, ya tokare rabin sama, gidaje a gindinsa kamar an watsa ƙwarya. Ban taɓa ganin abu mai girmansa ba. Amma Kawu bai ga ya isa ba. Ya ce gajimare a ƙugunsa yake tsayawa, kuma mutanen da ke bisa suna riga kowa ganin watan azumi da kwana ɗaya, har sukan leƙo su sanar da na ƙasa. A Funtuwa ya ce tarin auduga ya fi hasumiya tsawo. Muna shiga Kano ya nuna wani fili da ake buga ƙwallo, ya ƙirga mata dalar gyaɗa goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ya ce ta ɗan karkace.

Kowanne sai da na ce haka ne.

Mako biyu muka yi a gidan wata 'yar uwarmu a Fagge. Aka yi aikin, aka kwance bandeji, aka ba Inna tabarau mai kauri wanda ya mai da idanunta kamar na mujiya. Ta dube ni ta ce na yi tsawo ba ƙiba. Ta dubi Kawu ta ce ya yi ƙiba ba dalili.

Ranar komawa Kawu ya ce likita ya yi umarni ta rufe ido a hanya saboda iska. Ina wurin lokacin da likitan ya yi magana, bai ce haka ba. Inna ba ta tambaye ni ba. Ta dai sa aka ba ta kujerar jikin taga.

"Balarabe, ina dalar gyaɗar?"

"An kwashe, Inna."

"Duk sha biyun? Har da karkatacciyar?"

"Kano ce, Inna. Ba su wasa da aiki."

A Funtuwa audugar ta zama 'yan buhuna a bakin wani sito. Kawu ya ce kakar ce ta wuce. A Kwatarkwashi Inna ta ƙura wa dutsen ido, ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame, ba ta sauke ba sai da dutsen ya koma bayanmu.

"Wanga dutse bai buƙatar taimakonka, Balarabe," ta ce.

A Gusau awakin suna nan inda muka bar su. Ta ce a gaishe su, tun da jirgi mai tarago ɗari ya bi ta kansu bai tashe su ba. Da muka zo gadar, sai Inna ta fara hamma, kafin ta rufe baki mun wuce. Ta tambayi direba ko bai jin ƙishirwa yau.

Mutanen motar suna ta dariya, amma Kawu tun daga Maru ya daina tanka wa kowa. An miƙo masa rake ya ce cikinsa ba daɗi. Muna sauka Mafara ya ce bai kamata Inna ta koma gida ba ta ga dam ba, a bi ta hanyar Maradun tukuna. Na gane so yake rana ta faɗi kafin mu isa.

Muka je. Bango ne dogo, bayansa ruwa har inda ido ya gaji, kawunan itatuwa na leƙowa nan da can. Inna ta daɗe tsaye.

"Ba ka ƙara komi, Balarabe?"

"A'a, Inna."

"To mu tahi. Gona nika son gani kahin in shiga gida."

Da sauran rana muka isa. Kawu yana tafe a baya yana cewa takalminsa ya matse shi. Inna ta bi hanyar da ƙafarta ta sani, har ta zo inda hanyar ta ƙare a bakin wata magudanar siminti. Sai ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Taibatu, gaya mani abin da ag gabana."

Kawu ya yi tari. Na dubi ƙasa. Bakina ya riga ya shirya kalmomin nan biyu, amma wannan karon ba su dace da tambayar ba.

Na ce, "Fili ne, Inna. An baje shi. Akwai magudana, babu ruwa ciki. Babu iyakar gonar kowa."

"Tsamiyoyin fa?"

"Babu su. Tun bara."

Kawu ya durƙusa a kan ƙasar, babbar rigarsa ta Kano tana shan jar ƙasa. Ya ce ta yafe masa, ya ce kowa ma ya dangwala, ya ce an yi alkawarin nan gaba alkama za ta yi tsawon mutum a wurin.

"Ka fara kuma," in ji Inna. Ta mai da tabarau ta dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan. "Tsamiyar gonata zaƙi gare ta. Wadda kaka kawo mani ko akuya ta lasa sai ta rufe ido. Na sani tun makon farko. Tashi, ba ni yi maka baki. Kai na san ka tun kana goye, ko kuka kaka yi sai ka ƙara mashi."

Sannan ta juyo wajena, idanun nan manya a cikin gilashi.

"Ke nika tambaya kullum don in ji ko da mutum guda a gidan. Shekara guda ina jira."

Ta miƙo hannu, ko da yake yanzu ba ta buƙatar jagora, na kama muka juya.

Ba ta sake tayar da maganar gonar ba. Amma washegari bayan la'asar, da Kawu ya zauna gindin durumi mutane suka kewaye shi don jin labarin Kano, sai ga Inna ta sa na ɗauko mata kujera na ajiye a zauren da ke kallon wurin. Ta goge tabarau da bakin zane ta zauna.

Kawu ya ce, "Wato gadar nan ta kusa da Gusau..."

Inna ta yi gyaran murya.

Ya dubi zauren, ya dubi jama'a. "Gada ce dai," ya ce. "Mun hau, mun sauka."

Inna ta dube ni. "Haka ne, Taibatu?"

Na ce, "Akwai jaki a ƙarƙashi, Inna. Ya manta da jakin."