Wuƙar Namadi ta Tafi Kebbe

A Tambuwal, shekara biyu da samun mulkin kai, duk mai son mangwaronsa ya yi 'ya'yan kirki Namadi yake nema. Sana'arsa auren mangwaro. Zai yanko reshen iri mai daɗi, ya tsaga jikin ƙaramin dashe irin na gida mai zare, ya zura reshen, ya ɗaure da kaba, ya shafe da kakin zuma. In yankan ya fita sumul, reshe ya kama. In wuƙa ta tauna ɓawon ko kaɗan, reshe ya bushe, an yi wahalar banza. To na Namadi ba ya bushewa. Amma kada tsautsayi ya sa ka yabe shi, don ƙofa ka buɗe masa, sai ka ji tarihin wuƙarsa tun daga ranar da ya saye ta, ko da kuwa jana'iza za ka.

Wuƙar aljihu ce, irin mai naɗewa, ƙotarta ta ƙaho, da hoton kifi a gindin ruwanta, shi ya sa ake ce wa irinta mai kifi. Ya saye ta hannun wani ɗan koli tun lokacin da ake ɗibar soja zuwa yaƙin Bama. Dutsen washi ya cinye ruwan har ya koma siriri kamar ganyen gamba, kifin ma saura wutsiya.

Ba shi kaɗai ke da wannan ciwo ba. Kowace ranar kasuwa, bayan la'asar, akwai mutanen da ke taruwa a rumfar Ɗangiwa baduku, ba su da zance sai wuƙa. Manya da gemu, wallahi, kowa ya zaro tasa, a aske gashin hannu, a ƙyasta ruwa da farce a kai kunne a ji ƙara. Duk wurin babu mai ja da Namadi, sai ranar da Yari, malamin makarantar firamare, ya dawo daga Gusau da sabuwar mai kifi. Kifin dai shi ne, amma ƙotar ta jar roba ce, ruwan yana ƙyalli, ga ɗan zobe na ratayawa. Yari ya ce masu ƙera ta sun ƙara ilimi, wannan ba ta tsatsa, ƙotarta ba ta tsagewa. Namadi ya juya ta sau ɗaya ya miƙa masa abarsa, ya ce wannan ai ta yankan rake ce, ƙarfen kirki ya ƙare tun kafin Turawa su naɗe kayansu.

Gardama ta ci makonni. Abin da ya fi ƙona wa Namadi rai, Yari ba ya fushi. Dariya yake yi, irin ta mai koyar da yara. In Namadi ya fere reshe da tasa ya nuna, sai Yari ya ce ai ba a gwada tsohuwar da ta sha washi da sabuwa fil, a kawo tsohuwar ƙira wadda ba ta taɓa dutse ba, a aje su gefe da gefe, sannan a yi magana. Rannan kuma ya ƙara da abin da ya tsaya wa Namadi a rai.

“Wagga taka ta kusa ƙarewa, Namadi. Ran da tak ƙare, da mi za ka aiki?”

Aka yi dariya. Namadi bai yi ba, don gaskiya ce, kuma ya daɗe yana tsoronta.

Ɗangiwa ne ya ba shi labarin Bube, wani tsohon ɗan koli a Kebbe da ya bar yawon kasuwa, wai yana da tsohuwar mai kifi guda da bai taɓa yanka ko zare da ita ba. Namadi bai tsaya shawara da kowa ba. Matarsa Hinde ta tuna masa damina ta kawo kai, masu garka, wato lambu, suna jiran auren mangwaro, ya ce su jira. Ya hau keke ya kama hanyar Kebbe, inda rabin tafiyar keken ne ke hawansa saboda yashi.

Ya sami Bube a zaure, tsoho tukuf, hannunsa na rawa. Aka gaisa, aka sha fura, aka zaga aka zaga, sannan tsohon ya shiga gida ya fito da 'yar batta. Ya warware takarda mai maiƙo, sai ga ta. Ƙotar ƙaho, kifi cikakke har da idonsa, ruwa mai kauri da duhu. Namadi ya karɓe ta. Ya zaro ɗan reshen da ya taho da shi zai gwada, Bube ya riƙe masa hannu. Ya ce wuƙar da ba ta taɓa yanka ba, mai ita ke fara yanka da ita, in an gwada ta a ciniki an ɓata ta. Namadi ya san wannan ƙa'ida, shi ma da bakinsa ya sha faɗa wa mutane. Ya mai da reshensa aljihu, ya tambayi kuɗinta.

“Ba ni son kuɗɗi, ɗana. Taka nika so.”

Ashe labarin wuƙar Namadi ya riga shi isa Kebbe. Tsohon ya ce tasa ta yi masa tauri, farcensa ba ya iya buɗe ta, shi kuwa yana son wadda zai riƙa fiƙe asuwaki da gyara alƙalami. Ya karɓi ta Namadi, ya buɗe da ɗan yatsa ɗaya, ta buɗu kamar tana jiransa, sai ga bakinsa har kunne.

Namadi ya dubi wuƙarsa a hannun tsohon. Ya san musayar wuƙa ba a warware ta, in an tafa an tafa. Zuciyarsa ta ce kada ka yi. Amma ya hango rumfar Ɗangiwa, ya hango dariyar Yari tana mutuwa, ya kuma lissafa cewa ƙarfe ɗaya ne, ƙira ɗaya ce, sai dai wannan tana da sauran rai mai tsawo. Ya miƙa hannu suka tafa.

Ranar kasuwa rumfar ta cika, har da waɗanda ba su san wuƙa ba sai a wurin yanka albasa. Namadi ya ba wadda ya samo a Kebbe washi daidai gwargwado, Yari ya ba tasa, Ɗangiwa ya kawo rassan mangwaro ɗanyu biyu masu kauri ɗaya. Aka ce Namadi ya yanka da duka biyun, tun da shi ne gwani. Ya fara da jar, ta tauna ɓawon, ya ɗaga kowa ya gani, yana murmushi. Ya ɗauki tasa, ya yi bisimilla, ya ja.

Ta tauna. Daidai irin taunar da jar ta yi, ko uwa ɗaya ta haife su sai haka.

Ya ce reshen ne. Aka kawo wani, ta sake taunawa. Ya ce washin ne bai kai ba, ya koma dutse, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya dawo ya ja, duk kanwar ja ce. Ɗangiwa ya jera rassan ya cuɗanya su, ya ce wanda ya isa ya ware na tsohuwa da na sabuwa. Ba wanda ya iya, har shi Namadin. Da Yari ya yi dariya ma da sauƙi. Bai yi ba, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce ai shi ke nan, an yi kunnen doki. Kunnen doki! Namadi ya koma gida ko tuwo bai kalla ba.

Ruwa ya sauka, aiki ba ya jiran mai fushi. Ya shiga garkar mutane da sabuwar tsohuwarsa. Kaifi kam tana da shi, tana aske gashi, amma da ta shiga jikin dashe sai kaurinta ya buɗe itacen kamar an sa gatari. A nan, tsugune cikin laka, ya gane abin da bai taɓa lura da shi ba duk tsawon shekarun nan. Shi gefe ɗaya yake kwantar da wuƙa a kan dutse, haka hannunsa ya saba tun yana saurayi. Gefe ɗaya na waccan da ya ba Bube ya zama shafe lumui, ɗayan ya zame a hankali har baki, ga sirantaka. Shi ya sa take bin jikin itace ba ta tauna. Ba a ƙasar Turawa aka ƙera wannan ba, a bakin randar gidansa aka yi shi, kullum kaɗan kaɗan. Shi kuma ya ɗauka ya kai Kebbe da ƙafarsa.

Ya je wurin maƙeri ko za a rage wa wadda ya samo kauri. Maƙeri ya goga magagari ya zame, ya ce sai dai a sa ta wuta, in kuwa ta shiga wuta ƙarfen ya mutu. Rassan da ya aura suka fara baƙi ɗaya bayan ɗaya. Wani mai garka ya gaishe shi a masallaci, ya tambaye shi ko idon ne ya fara. Wannan tambaya ta fi mari zafi.

Hinde ce ta gaji da tsakinsa. Ta ce, Malam, in wuƙa ce ka tafi ka roƙo, ba a kanka aka fara jin kunya ba. Ya ce ba a warware musaya. Ta ce to ya zauna ya ci ƙa'ida, tun da ita za ta ciyar da gidan. Da safe ya ɗaure goro da turmin atamfa a bayan keke, ya sake shiga yashin nan. Duk hanya yana shirya kalaman roƙo, yana jin kunyarsu tun bai furta ba.

Ko rabinsu bai faɗa ba Bube ya katse shi. Ya ce haba, don wannan ya sha rana? Ai da ya aiko ma an kai masa. Ya ce ƙa'ida ta mutane ce, ba ta fi abincin mutum ba. Ya ƙi atamfar ƙememe, goro kaɗai ya taɓa. Da Namadi ya miƙa masa mai kaurin, sai ya ture hannun, ya ce ta riga ta taɓa dutse, ta zama ta Namadi, ya riƙe duka biyun. Namadi ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Yana ta godiya, tsohon ya laluba aljihu, yana cewa akwai ma wani abin da zai ji daɗinsa.

“Ka san karkatacciya ta? Gehe guda duk ya cinye, guda ko ba a taɓa ba. Ni da kaina niz zauna mata bisa dutse har nid daidaita ta. Duba ka gani.”

Namadi ya buɗe. Ƙotar ce, tabon babban yatsansa na nan a jikin ƙahon. Amma gefen nan shafaffe an kwantar da shi a dutse an ci shi, da hannu mai rawa, nan tudu nan kwari. Ruwan da dama saura ƙiris ya koma kamar tsinken sakace, bakinsa ya dawo tsakiya irin na kowace wuƙar kasuwa. Babu sauran ƙarfen da za a gyara.

Tsohon yana kallonsa, fuska cike da jin daɗi, yana jiran yabo. Ya ce kada ya damu, ba zai karɓi ko anini na gyara ba.

Wa zai yi wa faɗa? Dattijon da ya isa ya haife shi, wanda ya ba shi wuƙa biyu kyauta? Namadi ya nemi wanda zai zaga a duniyar nan ya rasa. Ya naɗe ta a hankali, ya ce, “Allah shi saka da alheri, Baba.” Bube ya ce amin, ya kira a kawo masa fura.

A bayan gari ya tsaya gindin wani mangwaro, duk da ya san amsar. Ya kamo reshe ya ja, ruwan ya lanƙwashe, ɓawon ya yage. Bai sake gwadawa ba.

Da ya isa gida bai shiga ɗaki ba. Ya jawo dutsen washi bakin randa, ya ɗauki mai kaurin, ya kwantar da gefe ɗaya, ya fara ja. Hinde ta fito ta tsaya kansa. Ta ce masu wata garka daga garin Jabo sun zo har sau biyu, me za ta ce musu, yaushe wannan za ta yi daidai?

Bai ɗago ba. Ya ce waccan shekara ashirin ta ci.

Hinde ta dubi furfurar da ke kansa, ta ɗebo ruwa a moɗa ta zuba masa a kan dutsen.