Wayar da Aka Ɗora a Kan Amfilifaya

Mai Walda ya sayi amfilifaya, na'urar ƙara sauti, wadda ta fi ƙarfin ɗakinsa. Ɓarnar ke nan.

Shekara ashirin da biyu yana yankan ƙarfe, kunnensa ya yi nauyi, amma kada ka kuskura ka faɗa masa. Jita kuwa yana taɓawa daidai gwargwado. Abin da ya kai shi shagon kayan sauti mahaifinsa ne, tsohon direban babbar mota, mai waƙoƙi tara da ya ƙirƙira a kan sitiyari, ba a taɓa rubuta ko ɗaya ba. Tsohon ya fara mantuwa, numfashi ma ya ja baya. Mai Walda ya ce zai kaɗa masa jita ya rera, a naɗa a waya tun ana iyawa.

Mai shagon ya ɗauko wata 'yar ƙarama ya jona.

"Tunda a ɗaki ne, wannan ta ishe ka, maigida."

"To kunna ta mana."

"Ai a kunne take."

"Wannan kukan sauron? Rediyo na ce maka ina nema?"

Ya nuna wata da ta kai masa ƙugu. Mai shagon ya ce ta filin taro ce, sai an buɗe ta sosai take daɗi, kuma in aka buɗe ta a ɗaki ba a jin kowa.

"Naka sayarwa, nawa zaɓi," in ji Mai Walda.

Mutum biyu suka kinkime ta zuwa mota.

Ranar Asabar da hantsi ya zaunar da tsohon a bakin gado, ya murɗa ƙara har tagar ta fara rawa. Wayar kuma a kan amfilifayar ya ɗora ta, wai don ta kama da kyau. Yana kaɗawa yana kallon leɓen Baba na motsi, ya ce a ransa aiki na tafiya. Matarsa ta leƙo tana nuna kunnenta, ya kore ta da haɓa. Da suka gama ya saurari farkon, ya ji jitarsa tangaran, ya jefa wayar a aljihu.

Bayan sati uku jiki ya shanye wa tsohon, magana ta ɗauke.

Ƙanwar Mai Walda ce ta ce a kunna masa waƙoƙin, ko zai ji sanyi. Suka kewaye gadon. Minti biyar, minti goma.

"Yaya, ina Baba a ciki?"

"Ga shi nan, saurara."

"Ni kai kaɗai nake ji."

Minti arba'in ne, jita zalla. Sau ɗaya muryar tsohon ta fito, inda Mai Walda ya tsaya ɗaure tsirkiya. A gajiye take, amma ta fito sarai.

"Ɗana, rage ƙarar abin nan, ba na jin kaina."

Sai jita ta ci gaba.

Abin da ya rage musu na muryar Baba ke nan.